Jirgin Delmar Ya Kwana a Tafki

A garinmu na bakin Kogin Tanana, mallakar jirgin sama ba abin a zo a gani ba ne. Mai gyaran famfo yana da nasa, matar da ke tuƙa motar makaranta tana da nata, har wanda rufin gidansa ke yoyo za ka tarar ya ɗaure ɗan jirginsa a bayan gida ya lulluɓe masa hanci da bargo. Titin mota ya ƙare a bayan gidan mai, abin da ke gaba kuwa sai ta sama. Don haka ba jirgi ke jawo wa mutum girma a wurinmu ba, sai dai a ce ya tsufa da shi bai taɓa lanƙwasa shi ba. A wannan fage, in aka ambaci Delmar Kivela to an gama magana.

Gyaran murhun ɗumama gida ne sana'arsa. Ya hauro Alaska yana saurayi lokacin da ake shimfiɗa bututun mai, da niyyar ya yi shekara guda ya koma garinsu. Sai ya shiga gidan waya zai aika wa uwarsa saƙo, ya tarar da Twila a bayan kanta tana buga hatimi kamar mai jin haushin takardun. Daga nan maganar komawa gida ta sha ruwa. Jirgin kuwa a wargaje ya saye shi, ƙarafa a bayan mota, fukafukai a kan rufi, ya kwashe hunturu guda yana harhaɗa shi a tsakiyar falonsu. Da dutsen gugar Twila aka ɗame yadin da ya rufe jikinsa, kuma har yau ba ta yafe wannan dutsen guga ba. Da aka gama sai da aka cire taga da katakonta kafin fiffike ya fita. Rawaya ne, kujera biyu, ɗaya a bayan ɗaya, kuma ba shi da abin tayarwa sai hannu: ka kama farfela ka fizga.

Mutum ne mai nawa, kuma da nawar yake taƙama. Kafin ya tashi sai ya zagaya jirgin nan yana shafawa, yana leƙa nan yana ƙwanƙwasa can, har wanda ya zo rakiya ya ji yatsun ƙafarsa sun mutu. Shekara arba'in da ɗoriya yana tashi, rani da hunturu, ko fenti bai taɓa gogewa ba. Mu da muka san yawan mutanen da ƙasar nan ta ci, mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kowace Asabar da safe matuƙan garin kan taru a gidan abincin Bernadine, wanda tagarsa ke kallon filin jirgi, su ci fanke, su sha gahawa, su yi ta shara ƙarya a kan iska da gajimare. Kujerar kusa da murhu ta Delmar ce. Wadda ke fuskantarta ta Harlan Ostrem ce, abokinsa tun zamanin bututu, direban motar share dusar ƙanƙara, mutumin da ya karya jirgi har biyu ya fito yana dariya.

"Yau da safe ɗan farin raɓa ne kawai ya daskare a fiffikena," in ji Harlan wata Asabar. "Bai kai kaurin takarda ba. Na ce rana ta narkar da shi a sama."

Delmar ya ajiye cokali. "Wace ranar? Wannan da ke leƙowa ta gaishe mu ta koma?"

"To ai na tashi, ga ni nan kuma ina cin fanke."

"Ka tashi ne don filin nan dogo ne, kuma Allah na tausayin wawaye. Fiffike ba ya son gemu, Harlan. Shafa hannunka a kai, in ka ji kaushi kamar haɓarka, ɗauko tsintsiya da igiya ka goge shi tas. In ba za ka iya ba, koma gida ka ja bargo."

"Bernadine, kina jin tsohon nan? Shi fa sai ya gaisa da kowane noti a jikin jirgi, ya tambaye shi iyali, kafin ya tashi rana ta faɗi."

Bernadine tana zuba gahawa ko kallonsa ba ta yi ba. "Shi ya sa matarsa ke nan har yau, taka kuwa tana Arizona."

Haka yake ba da shawara, a gutsure, tsakanin loma da loma, kuma ba ya sa mata sukari. In ka zo sauka a tafki, ya ce, kada ka tsaya kai tsaye; ja allunan zamiya da ke madadin taya a kan dusa ka sake tashi, ka zagayo ka dubi sawunka, in ya yi baƙi to ruwa ne kwance a ƙarƙashi, nemi wani wuri. Ashana da wuƙa a aljihu suke zama, ba a jaka ba, don ranar da jirgi ya kama wuta abin da ke jikinka shi ne naka. In wani ya zo da takalmin gayu sai ya dube shi ya ce, "In jirgi ya faɗi, da wannan za ka tako gida?" In kuma aka shiga gardamar wanda ya fi wani iya tashi, sai ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, abin tambaya kawai shi ne yaya.

Shi ya sa lokacin da tsoho Sigurd, wanda ya koya wa da yawa daga cikinmu tuƙi, ya fara rikicewa har ya sauka a titin mota yana zaton filin jirgi ne, Delmar aka tura ya gaya masa. Ya je ya same shi a kicin ya faɗa masa ba kwana-kwana. Sigurd ya saurara har ƙarshe, ya tashi ya ɗauko makullin rumfar jirginsa ya ajiye a tebur. Bai sake ganin wani hunturu ba. Watannin da suka rage masa a bakin taga ya yi su, duk injin da ya wuce sai ya ɗaga kai. Delmar bai taɓa shakkar cewa daidai ya yi ba, kuma daidai ɗin ya yi. Amma ya ga abin da ke saura a jikin mutum in an raba shi da sama, kuma abin bai bar zuciyarsa ba.

Nasa ya fara ne a kaka, da ƙananan abubuwa. Ya je wani gida da akwatin aikinsa, matar gidan ta buɗe ƙofa ta ce, "A'a, Delmar, ai jiya ka gyara shi." Ya yi dariya ya ce dubawa ya zo yi, ya shiga ya duba murhun, ya ga aikin hannunsa ne sak, amma jiyan nan ko ɗigonta babu a kansa. Ya ce gajiya ce.

Sai wata rana a farkon hunturu yana dawowa shi kaɗai daga kai wa wani mai tarko kayan murhu. Sama garau, iska kwance, kogi a ƙarƙashinsa fari sol yana ta murɗe-murɗensa. Ya dubi ƙasa ya ga wata kwana da tsibiri a tsakiya, sai ya ji bai san ta ba. Ba irin ɓatan hazo ba ne, wanda kowane matuƙi ya sani. Komai na nan a fili, duwatsu a hagu, rana a inda ya kamata, amma kamar an ɗauko shi an ajiye a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Bai san inda ya fito ba, bai san inda za shi ba. Hannunsa na riƙe da sanda yana tuƙi lafiya lau, kan ne babu kowa a ciki. Ya yi ta zagaya tsibirin nan, gumi na bin bayansa a cikin wannan sanyi, har abin ya sake shi kamar yadda ya kama shi. Ashe kwanar da yake kamun kifi ce tun yana da baƙin gashi, hayaƙin garinmu ma ga shi can yana tashi.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a sama ba. Amma ɗan Adam da neman mafita, kafin ya sauka har ya samo wa kansa dalili. Ɗumin da ke shiga cikin ƙaramin jirgi daga jikin salansa, bututun hayaƙin inji, yake fitowa, in ta tsage kuwa, hayaƙi marar wari kan sulalo ya juya wa matuƙi kai. Shi da kansa ya sha gargaɗin mutane a kan haka. Washegari ya kwance salansar, ya wanke ta, ya haska ta da tocila ciki da waje, ya toshe bakinta ya hura iska, ya shafa ruwan sabulu yana jiran kumfa. Roƙon Allah yake yi ya ga tsaga. Salansa lafiyarta ƙalau, kamar yau aka ƙera ta. Ya zauna a kan bokiti a rumfar jirgi yana riƙe da ita, bai taɓa baƙin ciki da lafiyar ƙarfe ba sai ran nan.

Bai gaya wa kowa ba. Likitan da ke sabunta masa lasin sai bazara, shi kuwa zuciya da ido ya fi dubawa. Ya rage tashi, yau ya ce iska, gobe ya ce tsadar fetur. Ranar Asabar yana nan a kujerarsa yana gaya wa mutane su san iyakarsu, maganar na fita daga bakinsa yana jin kunyarta. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Shi dai ya san sarai a kan abin da yake tsaye, sauka ce ya kasa.

Suna da bukkar katako a bakin wani tafki da ba shi da suna a taswira, wurin da babu hanya a ƙasa, ko da ta karnuka masu jan kaya. Kowace shekara in haske ya fara dawowa, wajen ƙarshen Fabrairu, shi da Twila sukan je su yi 'yan kwanaki suna huda ƙanƙara suna kamun kifi. Bana ya so ya zille.

"Sanyin nan ya yi yawa," ya ce da ita. "Ko mu bari ya sassauta?"

Twila tana naɗe burodi a takarda. "Bara ma haka ka ce, kuma ka fi kowa cin kifi." Ta ɗago ta dube shi. "In ba ka so mu je, Del, ka ce ba ka so."

Maganar ta zo masa har maƙogwaro. Ya haɗiye ta ya ce, "Wa ya ce ba na so? Ki dai sa safa mai kauri."

Tafiyar ta yi kyau har ta ba shi haushi. Kowane rafi ya gane shi, kowane tudu ya san sunansa. Ya ja alluna a kan tafkin ya zagayo ya ga sawu fari tas, ya sauka kamar an ajiye ƙwai. Ya ɗora allunan a kan rassan itace don kada su manne da ƙanƙara, ya sa wa fukafukai rigarsu, sannan ya zo kan mai. A irin wannan sanyi, baƙin mai in ya kwana a inji yakan daskare ya zama kamar man shanu, don haka tsofaffin matuƙa, tun inji na da zafi, sukan tsiyaye shi a garwa su shiga da shi ɗaki ya zauna kusa da murhu, ranar tashi a mayar da shi da ɗuminsa. Masu rumfa da wutar lantarki sun bar wannan wahala, amma a tafki babu soket. Haɗarin abin ɗaya ne, kuma kowa ya san shi: injin da aka tsiyaye da wanda ke cike kamarsu ɗaya daga waje. Shi ya sa ake ɗaura jan ƙyalle a farfela. Muddin ƙyallen na nan ba a taɓa ta, kuma ba a kwance shi sai garwa ta koma wofi. Delmar ya ɗaura shi da kyau, ƙulli kan ƙulli, ya ɗauki garwa ya bi Twila zuwa bukka.

Kwanakin da suka yi a can sun kusa warkar da shi. Ya fasa itace, ya kama kifi, Twila ta cinye shi a karta tana yi masa dariya. Har ya fara gaya wa kansa cewa abin kogin nan tsautsayi ne na rana ɗaya, ya wuce.

Ranar komawa gida, sanyi ya sauko da gaske, irin wanda itatuwa ke fashewa kamar harbin bindiga. Da gari ya waye ya sauka tafki da risho da bututu, ya kunna a ƙarƙashin bargon inji, ya tsaya a kai yana gadi har ƙarfe ya yi ɗumi. Ya cire rigar fukafukai, ya share su, ya shafa da tafin hannu ya ji sumul. Ya girgiza alluna ya ga ba su manne ba. Ya tsiyayi fetur kaɗan ya duba ko da ruwa. Komai a kan tsari, kamar kullum. Twila tana can bukka tana rufe tagogi tana rataye sauran abinci saboda ɓeraye. Ya janye bargo, ya kama farfela ya fizga, inji ya yi tari, ya sake fizga ya kama. Daɗi ya ratsa shi, don a irin wannan sanyi ba kowane inji ke amsawa haka ba.

Ya tsaya a bakin ƙofar jirgin, hannunsa a kan totur, ya dubi agogon baƙin mai. Allurar tana kwance. Ya san takan yi nawa in ana sanyi. Ya kuma san abin da yake gaya wa mutane, cewa in ka ɗan jira ba ta motsa ba, kashe, tambaya ta biyo baya. Amma ya tsaya yana kallonta kamar mai kallon rubutun da bai iya karantawa ba. Ya san tana gaya masa wani abu, abin ne ya ƙi zuwa.

Sai ya hangi motsi ta gefen ido. Twila ce ke gangarowa daga bukka, tana tuntuɓe a cikin dusa, bakinta a buɗe tana kira amma ƙarar inji ta shanye muryar. Garwa ce a hannunta, kuma nauyinta ya karkatar da ita gefe guda. Ya kai hannu ya kashe injin.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ciwo. Ya dubi farfela, babu ƙyalle. Ya dubi ƙasa ko iska ce ta yar da shi, babu. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya ji shi a can, a ninke tsaf. Hannunsa ne ya kwance ƙullin nan, ya ninke ƙyallen ya adana, shi kuwa bai san an yi ba.

Twila ta ƙaraso ta dire garwar tana haki. "Ka bar wannan a bayan murhu."

"Na gani."

"Ya lalace?"

"Ban sani ba. Bai daɗe yana aiki ba. Wataƙila bai ji komai ba."

Ya zuba man a inji. Ya juya farfela a hankali yana kasa kunne, bai ji gurza ba. Ya sake tayar da injin, allura ta miƙe ta tsaya inda take tsayawa, sauti sumul kamar ba a yi komai ba. Ya bar shi ya yi zafi, ya kashe don ya duba yoyo, bai ga ko ɗigo ba. Yana cikin haka Twila ta gama loda jakunkuna, ta hau kujerar baya, ta ɗaure bel, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Kai ne matuƙi," ta ce. "In ka ce mu tafi, mu tafi."

Babu wanda zai sani. Twila ba mai surutu ba ce, tafki kuwa ba ya magana. Kafin rana ta karkata suna gida, ranar Asabar yana wurin Bernadine yana cin fanke, sunansa na nan yadda yake. Injin ma, a iya saninsa, zai kai su. Amma ba injin yake tsoro ba. Tsakanin nan da gida akwai tuddai da kwazazzabai inda babu wurin ajiye ko keke, kuma abin da ya kama shi a kan kogi bai yi sallama ba kafin ya shigo, yau ma bai yi ba. Twila ba ta taɓa koyon tuƙi ba, ta ce mahaukaci ɗaya ya ishi gida. Ya dube ta a zaune a can, hula har gira, hancinta ya yi ja, ta miƙa masa ranta kamar yadda ake miƙa wa mutum kofin ruwa.

"Sauko, Twila," ya ce.

Ya ciro wayar tauraron ɗan Adam daga aljihun ciki ya kira Harlan.

"Kana gari?"

"Ina zan je? Ina nan ina ƙona wa kaina ƙwai. Yaya, kifin ya ƙi ci ne?"

"Ka zo ka ɗauke mu."

"Wa ya ji ciwo?"

"Babu."

"Jirgin fa?"

"Yana nan tsaye. Kai dai ka zo. Kuma ka goge fiffikenka kafin ka taso."

"Kai, tsohon nan! Ko a bakin kabari sai ka yi wa masu haƙa gyara. Ga ni nan."

Rana ta ɗan gota tsaka suka ji ƙararsa. Abin mamaki, sai da ya ja alluna ya zagayo ya dubi sawu kafin ya sauka. Ya diro yana buga hannuwa, ya ji labarin garwa, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Delmar Kivela! Inji babu mai! Yau ruwa ya ci gwani, balle mu 'yan koyo. Wayyo, ina ma Bernadine na nan!"

Sai ya dubi fuskar abokinsa, dariyar ta yanke. Ya je ya zare sandar gwajin mai, ya murza a yatsa ya ɗaga a rana ko zai ga ƙyallin ƙarfe, ya juya farfela, ya dawo.

"Injin nan lafiyarsa lau, mutumina. Tashi mu tafi, ina bayanka har gida. Ba wanda zai ji daga bakina. In an tambayi abin da ya kawo ni, mu ce fulogi ne ya ƙi."

"Ba injin ba ne, Harlan."

A nan, a tsaye a kan ƙanƙara, Twila na gefe tana ji, ya faɗa masa komai: murhun da ya gyara ya manta, tsibirin da ya yi ta zagayawa, salansar da ta ƙi tsagewa, ƙyallen da ya tsinta a aljihunsa. Bai rage ba, bai ƙawata ba.

Harlan ya juya yana kallon itatuwa. "Haba, kowa na mantuwa. Ni jiya na yi ta neman tabarau yana kan hancina."

"Ka taɓa neman garinku yana gaban hancinka?"

Harlan ya shuri dusa da takalminsa.

"Da na bari kun gane da kanku, kai za a turo mini," in ji Delmar. "Na hutar da kai zuwa kicin ɗina. In yanayi ya yi kyau ka zo da wani ya kai jirgin gida. A nemo mai saye, amma ba irinka ba."

"Ka ci gidanku," Harlan ya ce. Ya murza idonsa da bayan safar hannu ya ce sanyi ne.

Jirgin Harlan ma kujera biyu ne, don haka sai sawu biyu, ga rana tana sauri. Twila za ta fara tafiya. Delmar ya riƙe mata hannu ta hau, ya sunkuya yana ja mata bel kamar ba ta iya ba.

"Ba ki yi mamaki ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin kogi ya daskare. Kai fa in mun tashi waƙa kake yi ta hanci, tun ranar da ka fara ɗaukata, waƙa ɗaya, marar daɗi. Bana ka daina. Sai dai in ji ka a abin kunne kana kiran sunayen rafuka ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan makaranta mai tsoron bulala."

Ya saki bel ɗin ya miƙe. "Kin sani, kika ci gaba da hawa? Yau ma, bayan kin ɗauko garwar nan da hannunki, kika hau kika zauna?"

"Na yi ta jira ka faɗa da bakinka. Da ni na faɗa, cewa za ka yi tsoro ne ya kama ni, ka bar ni a gida." Ta gyara hularta, idonta ya cika amma muryarta ba ta yi rawa ba. "In ban hau ba, kai kaɗai za ka tafi, Del. Ni kuwa ba zan iya zama ina jiran a zo a ƙwanƙwasa mini ƙofa da mummunan labari ba."

Harlan ya ja ƙofa ya rufe, ya tayar da inji. Dusa ta turnuƙe, jirgin ya zame a kan tafki ya ɗaga, ya karkata ya ɓace a bayan itatuwa.

Delmar ya tsaya har ƙarar ta mutu, sannan ya zauna a kan allon jirginsa. Duk tsawon hunturun nan ya ɗauka rabuwa da jirgi ce abin da ba zai iya jurewa ba. Ashe yana can yana gadin sunansa, ita kuwa duk tashin da suka yi da saninta take hawa, ta zauna a bayansa ta yi shiru. Kunya da tausayi suka haɗu suka rufe shi, ya yi kuka irin na tsofaffi, marar sauti, hawayen na daskarewa a gashin ido. Da ya gaji ya tashi ya ɗauko abin huda ƙanƙara da igiya, don iska na iya tasowa kafin a zo ɗaukar jirgin, kuma dole a ɗaure shi.